MURƊAR CIKI: KADA MU YI GAGGAWAR WANKE CIKI

'Yan'uwa manoma, akwai wata al'ada a Wurogauri da ƙauyukan Gwandu da Kalgo wadda ya kamata mu sake dubawa. Da zarar ciki ya murɗa wa mutum, sai a ce datti ne, a jiƙa masa kanwa ko filasko don ya wanke ciki. A ganinmu wannan gaggawa tana iya kashe mutum, kuma ga dalili.

Hanji ba jakar zuba abinci kawai ba ne. Ƙaramin hanji ya kai kamar mita 6, kuma a jikinsa akwai tsoka mai matsewa tana saki, tana tura abinci gaba. Akwai kuma jijiyoyin saƙo na hanjin kansa, masu ƙwayoyi fiye da miliyan 100. Tun a shekarar 1899 wasu masana biyu a Landan, Bayliss da Starling, suka nuna cewa hanji yana ci gaba da wannan turi ko da an yanke jijiyoyin da suka haɗa shi da ƙwaƙwalwa.

Abin mamaki, hanji ba ya jin yanka kamar yadda fata take ji. Abin da yake ji shi ne kumbura, da matsa mai ƙarfi, da ƙarancin jini. In wani abu ya tare hanya, tsokar tana ƙara ƙarfi don ta ture shi, jijiyoyin kuwa su aika saƙo ta laka zuwa ƙwaƙwalwa. Shi ya sa murɗa take zuwa ta lafa, ta sake zuwa. Jijiyoyin nan ba su iya nuna wuri daidai, don haka mai ciwo yakan shafa kewayen cibiya da tafin hannu, ba ya nunawa da yatsa.

To, sai mu lura. Yawancin murɗa ta zawo ce ko iska, takan wuce da ruwan gishiri da sukari. Amma wani lokaci hanyar ce ta toshe: ƙaba ta shaƙe hanjin magidanci, ko tsutsar ciki ta dunƙule a hanjin yaro. Filasko aikinsa shi ne ya sa hanji ƙara matsewa. Ba wa irin wannan mutum filasko kamar bulala ce ga jakin da ya faɗa rami. Taramol kuma yana rufe bakin ciwon, cutar tana nan tana ci, har hanjin ya ruɓe.

Ga alamun da ba a kwana da su. Ciki ya kumbura, ba bayan gida, ba tusa. Amai kore. Ƙabar da ta yi tauri ta ƙi komawa. Ciwon da ya fara a cibiya ya koma ƙasa ta hannun dama ya tsaya. Ciki ya sandare kamar katako bayan zazzaɓin mako biyu, watau mai yiwuwa taifot ya huda hanji. Haka kuma wanda ya yi feshin maganin ƙwari a gonar shinkafa, ciki ya murɗa masa da dalalar miyau da gumi: gubar ce ta rikita jijiyoyinsa.

Wani zai ce kuɗin mota fa, da kuɗin fiɗa? Gaskiya ne, talauci ne yake sa a tsaya ga kanwa. Saboda haka muna roƙon kowace ƙungiya ta ware buhu ɗaya ko biyu a lokacin kaka, a sayar, ma'aji ya ajiye kuɗin don jinyar gaggawa. A kuma san direban da za a tasa ko da tsakar dare. In alamun nan suka bayyana, kada a ba mara lafiya abinci ko jiƙo. A kai shi asibitin Kalgo, ko na Sir Yahaya a Birnin Kebbi, a ranar.