Labarun 'Yan Fashi Da 'Yan Sanda: A Rubuta Gaskiya

A watan Satumba na 2021 Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ta ba da sanarwa cewa ta hana nuna satar mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya a cikin finafinai. Hujjarta ita ce samari na ɗaukar darasin ɓarna daga abin da suke kallo. Wannan tsoro yana da tushe, ba mu musa ba. Amma a ganinmu rufe ido ba ya kore duhu. Yaron Durba ko na Kibiya wanda bai ga ɗan fashi a fim ɗin Kano ba, zai gan shi a na Indiya ko na Amurka cikin wayarsa. Abin da ya kamata a tambaya shi ne yadda za a ba da labarin.

Irin wannan rubutu ba baƙo ba ne gare mu. Tun 1982 aka buga Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, labarin wani da ya fito daga yaƙin basasa ya kafa ƙungiyar miyagu. Marubucin ya kama bakin zaren, gama bayan yaƙin ne bindigogi suka watsu, har Gwamnatin Soja ta kafa dokar 1970 wadda ta yanka hukuncin kisa ga mai fashi da makami. A ƙarƙashinta aka harbe Ishola Oyenusi a bakin teku a Ikko cikin 1971, a gaban taron jama'a. An harbe da yawa bayansa, fashi bai ƙare ba.

To, aibin yawancin labarun yanzu guda biyu ne. Na farko, a kan mai da ɗan fashi gwarzo, mai mota da kuɗi da layar da harsashi ba ya ci. Na biyu, a kan mai da rundunar musamman ta 'yan sanda wasu zakuna, su fasa ƙofa, su harbe wanda suka tarar, a tafa musu, ba alƙali ba shaida. Duka biyun ƙarya ne, kuma tarihi ya ƙaryata su.

Ku dubi Lawrence Anini, wanda ya firgita birnin Benin a 1986, har aka ce yana da layar zana. Da aka kama shi a watan Disamba na shekarar, sai asirin ya tonu, watau wani babban ɗan sanda, George Iyamu, shi ke ba ƙungiyar makamai da labarin sirri. Aka harbe su duka a 1987. Ashe ɓarawo ba ya shiga gida sai da ɗan gari. Haka aka gani a dajin Falgore, wanda ya zama mafakar ɓarayin shanu wajen 2015, har soja suka mai da shi filin horo a 2017. Saniyar sata ba ta cin kanta a daji: akwai mai tsegumi a ruga, akwai mai mota, akwai dillali, akwai mahauci. Marubucin da ya bi wannan sarƙa ya koya wa manomi abin da zai tsare garkensa da shi.

Ku kuma dubi rundunar SARS, wadda aka kafa a Ikko a 1992 don yaƙi da fashi. Da aka sakar mata mara ba mai tambaya, ƙorafin azabtarwa da karɓar na goro ya yi yawa, har matasa suka fito zanga-zanga, aka rushe ta ran 11 ga Oktoba, 2020, aka sanar da SWAT a madadinta. Kusa da gida kuwa, a watan Mayu na 2025, wani saurayi da 'yan sanda suka kama a Rano ya rasu, gari ya ɗauki zafi, aka kai wa ofishinsu hari, shugaban ofishin ma ya rasa ransa. Rai biyu sun tafi, zargi da tsoro suka rage tsakanin jama'a da masu tsaronsu. In talaka ya koyi cewa ɗan sanda shi ne alƙali, ran da ya fusata shi ma sai ya naɗa kansa alƙali.

Saboda haka muna kira ga marubuta da masu shirya fim su nuna aikin ɗan sanda yadda doka ta shimfiɗa shi. Tsarin mulkin ƙasa ya ce wanda aka kama a kai shi gaban kotu cikin kwana ɗaya, in akwai kotu cikin tazarar kilomita 40, in babu cikin kwana biyu. Dokar 2017 ta haramta azabtar da wanda ake tuhuma. Beli a ofishin 'yan sanda kyauta ne. A nuna ɗan sanda mai bin sawu, mai tambayar mai unguwa da 'yan banga, mai haƙurin tara shaida har alƙali ya gamsu. A nuna kuma matar da aka kashe mijinta a hanyar kasuwa, da marayunta, domin su ne ke biyan kuɗin jarumtar ɗan fashi.

Ga Rundunar 'Yan Sanda ta Kano muna cewa ta buɗe ƙofa ga marubuci mai neman sanin yadda ake bincike, ta kuma jure in ya nuna baragurbi a cikinta. Ga Hukumar Tace Finafinai kuwa, ta auna labari da inda ya dosa, kada ta kore shi don an ga bindiga a ciki. Ku kuma iyaye a Rano da Kibiya da Durba, ku riƙa tambayar 'ya'yanku abin da suke kallo, ku ji wa suke so su zama a cikinsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.