Me Za a Ba Wanda Ya Halatta Jininka Ya Bari?

 

A cikin ƙofofin birnin Katsina, Ƙofar 'Yandaka ce ke kallon yamma. Ta nan ake kama hanyar Batsari da Ruma, gaba kuma sai dajin Rugu, wanda ya miƙe har ya haɗe da dazuzzukan Zamfara. Shi ya sa direbobin da ke bin wannan hanya suka fi mu 'yan jarida saurin jin labari. Kafin a karanta a rediyo, su sun riga sun san ƙauyen da aka shiga daren jiya, da wanda aka ɗora wa kuɗin noma, da wanda mutanensa suka kwana a cikin dawa. Matan da muke gani da goyo a bakin shaguna da ƙofar masallatai, da yawansu ta wannan hanya suka shigo birni, kuma a da da rumbunsu da awakinsu.

Akwai maganar da muka daɗe muna lallashin kanmu da ita a Katsina. Muna cewa namu ba irin na Borno ba ne, namu ɓarayin daji ne, kuɗi suke nema, babu aƙida a ciki. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Rikicin nan ya samo tushe daga satar shanu, da cinye burtali da makiyaya, da zaluncin wasu alƙalai da masu unguwanni, da ramuwar gayya tsakanin 'yan sa-kai da Fulanin daji. Amma wanda ya tsaya a nan ya makara, don abin ya wuce inda ya faro.

Tun a watan Disamba na 2012, ƙungiyar Ansaru ta shiga garin Rimi, nan kusa da mu, ta sace wani injiniya Bafaranshe, Francis Collomp, wanda ke aikin wutar lantarki ta iska. Sai da ya yi kusan shekara a hannunsu kafin ya tsere a Zariya. Ranar 11 ga Disamba, 2020, aka kwashi ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, aka kora su daji a ƙasa. Ɗan bindiga ne, Auwalun Daudawa, ya jagoranci aikin, amma shugaban Boko Haram Abubakar Shekau ne ya fito ya ce nasu ne, kuma bidiyon yaran da aka saki da tambarin ƙungiyarsa ya fito. Yara 344 aka maido bayan kwana shida. A watan Maris na 2022 aka dasa bam a layin dogo tsakanin Abuja da Kaduna, aka yi awon gaba da fasinjoji, aikin da ɓarawon shanu ba ya iya shi shi kaɗai. Ansaru ta yi zaman dirshan a dajin Birnin Gwari, wanda ke maƙwabtaka da Sabuwa da Faskari. Can arewa maso yamma kuma ga Lakurawa a Tangaza da Gudu ta jihar Sakkwato, har sun tsallaka Kabi, inda suka kashe mutanen Mera a watan Nuwamba na 2024.

Labarin Lakurawa ya isa darasi. Mutanen yankin ne da kansu suka yi maraba da su da farko, don su kore musu ɓarayi. Sun kuwa kore. Da suka zauna daram sai suka fara karɓar abin da suka kira zakka a kan shanu, suna yi wa samari bulala saboda aski ko jin waƙa a waya, suna yanke hukunci kamar su ne hukuma. Ɓarawo yakan kwashe maka shanu ya tafi. Wannan shi zama ya zo yi, kuma yana ganin ibada yake yi.

To mu duba su wa masu wannan aƙida suke kashewa. Ranar 28 ga Nuwamba, 2014, ana sahu za a tayar da sallar Juma'a a babban masallacin Kano, suka tayar da bama-bamai, suka bi masu gudu da harbi. Fiye da mutum 100 suka rasu. A farkon wannan shekarar, ranar 1 ga Fabrairu, sun tare Sheikh Muhammad Auwal Albani a Zariya yana dawowa daga karatu, suka kashe shi da matarsa da ɗansa, kuma Shekau ya fito ya yi alfahari da aikin. Makonni kaɗan bayan haka suka shiga kwalejin tarayya ta Buni Yadi cikin dare, suka hallaka yara maza 59. A Nuwamba na 2020 suka yi wa manoman Zabarmari aƙalla 43 yankan rago a gonakin shinkafa na Koshebe. Sun kashe Kiristoci a coci a Madalla ranar Kirsimeti ta 2011, sun kashe Sarkin Gwoza Idrissa Timta, sun buɗe wa motar marigayi Sarkin Kano Ado Bayero wuta. Liman, fasto, ɗalibi, manomi, basarake, duk a wurinsu jininsu ya halatta, tunda ba su yi musu mubaya'a ba.

Nan ne tambayar take. Wanda yake ganin kai kafiri ne saboda ɗanka yana makarantar boko, ko saboda ka kaɗa ƙuri'a, ko saboda kana karɓar albashin gwamnati, me za ka ba shi a teburin sulhu ya bari? Makiyayin da aka cinye wa burtali yana da buƙatar da za a iya biya. A buɗe masa burtali, a gina masa dam, a hukunta wanda ya kashe ɗan'uwansa. Amma mai kafirta al'umma buƙatarsa ita ce ka daina zama abin da kake.

Ba yau Musulmi suka fara haɗuwa da irin waɗannan ba, kuma magabata sun bar mana hanya. Lokacin da Khawarijawa suka ɓalle wa Sayyidina Ali, Allah Ya ƙara masa yarda, bai fara da takobi ba. Ya tura Abdullahi ɗan Abbas ya yi muƙabala da su, dubbai suka gane suka dawo. Waɗanda suka rage bai hana su masallaci ba, bai taɓa su ba, duk da suna kafirta shi a gaban jama'a. Sai da suka tare Abdullahi ɗan Khabbab a hanya, suka yanka shi, suka kashe iyalinsa da ciki a jikinta. Ya nemi su miƙa waɗanda suka yi kisan, suka ƙi. A nan ne ya yaƙe su a Nahrawan, shekara ta 38 bayan hijira. Tsarin a fili yake. Hujja ga mai sauraron hujja, ƙofa a buɗe ga mai tuba, yaƙi ga wanda ya zubar da jinin bayin Allah ya kuma ƙi ajiye makami. Malamanmu na Malikiyya ma sun ware babi guda a fiƙihu kan masu tare hanya da tsorata matafiya, babin hiraba, kuma sun ɗora alhakin murƙushe su a wuyan shugaba. Don haka wanda ya ce kiran a yaƙi waɗannan mutane kiran Turawa ne, bai karanta littattafan da ke zaurukan Katsina ba.

Sulhu kuwa mun gwada shi, ba sau ɗaya ba. A watan Oktoba na 2014 babban hafsan tsaron ƙasa na lokacin, Alex Badeh, ya sanar da cewa an tsagaita wuta da Boko Haram, har ana sa ran dawowar 'yan matan Chibok. Kafin watan ya ƙare sun kama Mubi, daga baya suka sauya mata suna. A nan gida, Gwamna Aminu Bello Masari ya yi afuwa a zangonsa na farko, ya sake shiga daji da kansa a watan Satumba na 2019, kowa ya ga hotonsa tsaye kusa da mai bindiga. A watan Yuni na 2020 shi da bakinsa ya ce sun ci amana, ya janye. A wannan watan ne aka kashe mutane fiye da 50 a Kadisau ta ƙaramar hukumar Faskari. Wanda 'yan sandan Katsina suka sa ladar naira miliyan 5 a kansa saboda wannan ta'asa, Ado Aleru, shi ne aka naɗa wa rawanin Sarkin Fulani a 'Yandoton Daji a 2022, da sunan neman zaman lafiya. Shi kuma Daudawa na Ƙanƙara, ya miƙa bindigogi a Gusau a watan Fabrairu na 2021, ya yi rantsuwa, bai cika wata uku ba ya koma daji, a can aka kashe shi.

Dalilin da ya sa ake ta maimaita wannan ba ɓoyayye ba ne. Idan an zauna sulhu, mai ƙarfi ne ke faɗar sharuɗɗa. Mu Katsinawa bai kamata a koya mana wannan ba. Ta Ƙofar 'Yandaka Lugga, jagoran Turawan mulkin mallaka, ya shigo birnin nan a 1903, aka tarbe shi ba a yi yaƙi ba, ba a kuma daɗe ba Turawan suka tuɓe Sarki Abubakar da ya tarbe su.

Ba na raina sulhun da al'ummomin Jibiya da Batsari da Safana da Ɗanmusa suka ƙulla a 2025. Wanda ya yi shekaru bai taka gonarsa ba, a daminar wannan shekarar ya yi shuka ya girbe, ba ni da bakin ce masa ya yi kuskure daga cikin ɗakin watsa shirye-shirye mai sanyi. Kasuwanni sun ci, an sako wasu da aka kama. Sai dai mu faɗa wa juna gaskiya, mutanen nan da bindigoginsu a kafaɗa suka zo wuraren taron, da su kuma suka koma. Kuma a cikin wannan daminar ta sulhu, ranar 19 ga Agusta, aka shiga masallacin Unguwar Mantau a ƙaramar hukumar Malumfashi ana sallar asuba, aka bindige masallata, mutane fiye da 30 suka rasu. Wanda ya yi sulhu da ƙauyenku sau da yawa ƙauyen gaba ya koma. Kuma duk lokacin da aka bar daji a hannun masu makami, masu aƙida ne ke samun wurin zama, da masu koya wa yara haɗa bam.

Akwai masu cewa bindiga ba ta kashe aƙida. Haka ne, aikin malamai ne wannan, kuma sun biya kuɗinsa da rayukansu. Amma bindiga tana ƙwace gari daga hannun mai aƙida, kuma mun gani. A watan Agusta na 2014 Shekau ya ayyana daularsa a Gwoza, daga baya ƙananan hukumomi fiye da 10 suka shiga hannunsa. Da aka ɗage zaɓen 2015 da mako shida, sojojin Najeriya da na Chadi da Nijar da Kamaru suka taso masa ta kowace kusurwa, ranar 27 ga Maris aka ƙwato Gwoza. Dubban da suka fito suka miƙa wuya a Borno daga 2021, sun fito ne bayan Shekau ya mutu, yunwa da wuta sun ishe su a Sambisa. Tuba ta biyo bayan matsi. A watan Agusta na 2025 ma mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, Nuhu Ribadu, ya sanar da kama manyan Ansaru biyu, Abu Bara'a da Malam Mamuda. Ba a teburin shayi aka same su ba.

Amma wanda ya ce a yi yaƙi, wajibi ne ya faɗi irin yaƙin, in ba haka ba ya zama mai zuga kawai. A ƙarshen Yuli na 2009 an kama shugaban Boko Haram na lokacin, Muhammad Yusuf, da ransa, aka kashe shi a hannun 'yan sanda ba shari'a. Ribar da aka ci ita ce Shekau. Ranar 3 ga Disamba, 2023, jirgin soja marar matuƙi ya saki bam kan masu Mauludi a Tudun Biri ta jihar Kaduna, mutum aƙalla 85 suka rasu. Rundunar soji ta amsa cewa kuskurenta ne, wannan ya yi kyau, amma amsa laifi daban, hukunta mai sakaci daban. Duk gawar da aka yi ta farar hula, mai wa'azin daji ya samu hujjar da zai ja ƙanin mamacin. Haka nan ɗan sa-kan da zai tare Bafulatani a kasuwa ya kashe shi don kawai Bafulatani ne, ɗan ta'adda yake yi wa aiki ko bai sani ba. Fulani na cikin waɗanda suka fi kowa asarar shanu da 'ya'ya a wannan masifa, kuma babu wanda ya fi su sanin daji. Sojan da ya mayar da su abokan gaba ya rufe idonsa da hannunsa.

Sai kuma zama. Abin da mutanen ƙauye suka fi kuka da shi shi ne, sojoji su zo da motoci, a yi kwana biyu ana ruwan wuta, su juya. Suna juyawa ɓarayi su dawo su tambayi wanda ya nuna hanya. Kotun tarayya a Abuja ta ayyana 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda tun Nuwamba na 2021. Jiragen Super Tucano 12 sun iso a wannan shekarar. Gwamna Dikko Umaru Radda ya ƙaddamar da dakarun tsaron al'umma a watan Oktoba na 2023, yaran da suka san kowane rafi da kowane dutse a yankunansu. Doka akwai, kayan aiki akwai. Abin da ya rage shi ne sansani na dindindin a bakin Rugu da cikinsa, da ofishin 'yan sanda da alƙali da malamin makaranta su biyo bayan soja su zauna, da bin sawun masu kai mai da burodi da harsashi daji, waɗanda da yawansu a cikin gari suke kwana tare da mu.

Kuma ba za a yi wannan ba tare da Nijar ba. Daga Jibiya zuwa Maraɗi tafiyar ɗan lokaci ce, wanda aka kora daga Rugu da safe zai iya kwana a dajin Madarumfa. A watan Maris na 2025 Nijar ta fice daga rundunar haɗin gwiwa ta yankin tafkin Chadi, irin haɗin gwiwar da ta karya Shekau a 2015. Duk saɓanin da ke tsakanin Abuja da Yamai, wajibi ne hafsoshin ƙasashen biyu su koma magana, kuma sarakunan Katsina da na Maraɗi, waɗanda tarihi ya haɗa su tun asali, suna da bakin da za su sa a yi hakan.