Kada Mu Jira Sai Hanjin Yaro Ya Huje



Mu da muke ziyarar marasa lafiya mun san ɓarnar zazzaɓin taifod. Yaro ya sha gurɓataccen ruwa, jiki ya yi zafi mako biyu ko uku, ana ta sayen ƙwayoyi a kemis, can sai hanjinsa ya huje, sai tiyata. Iyaye su sayar da hatsi da awaki, wani lokaci kuma gawa za a dawo da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 9 suka kamu, kimanin 110,000 suka mutu.

Abin godiya, akwai allurar rigakafi da ake kira TCV, wadda hukumar ta ba da shawarar amfani da ita a 2018. Sau ɗaya ake yin ta, tun daga yaro mai wata 6. A cikin talakawa irinmu aka gwada ta. A birnin Blantyre na ƙasar Malawi an bi yara kusan 28,000 fiye da shekara huɗu, aka tarar ta rage kamuwa da kashi 78 cikin ɗari. Laberiya da Zimbabuwe sun fara yi wa yaransu a 2021, Burkina Faso kuma a 2025.

Maganar ba ta jira ba ce. Tun 2016 aka sami taifod a Pakistan da ba ya jin yawancin magungunan da aka saba. Yawancin ikilisiyoyinmu kuwa suna ƙauyuka ne, nesa da asibitin tiyata.

Amma a sani, allurar ba ta hana zazzaɓin cizon sauro, ba ta kuma tsabtace rijiya. Tafasa ruwa, wanke hannu da sabulu da gina salga suna nan daram.

Saboda haka muna roƙon dattawa su je asibitin gundumarsu su tambaya ko ana yin wannan allura. In babu, mu haɗa kai da maƙwabtanmu Musulmi mu kai kuka ga hukuma, domin rijiya ɗaya muke sha. In ta zo, a sanar bayan sujada, Zumuntar Mata ta bi gida-gida, kada jita-jita ta riga mu. Addu'a ba ta hana kai yaro rigakafi. 'Ya'yan nan amana ce a hannunmu.

Ubangiji ya ba mu hikima. Amin.