Sharhi: Labarin kokawa na iya buɗe wa yaran Urafane ƙofar karatu

Tun da Shugaba Abdourahamane Tiani ya sa hannu a kan kundin sake gina ƙasa a watan Maris na 2025, Hausa ta zama harshen ƙasa a Jamhuriyar Nijar, Faransanci da Ingilishi kuma suka koma harsunan aiki. An yi ta muhawara kan matakin a Yamai da shafukan sada zumunta. Amma a wuri irin Urafane, ƙaramar hukumar karkara da ke gundumar Tasawa a jihar Maraɗi, tambayar da ta fi damun malamin firamare ita ce: idan an ce yaro ya yi karatu da Hausa, me za a miƙa masa ya karanta?

Matsalar ba ƙarama ba ce. Binciken PASEC, wanda ke auna ɗaliban ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, ya nuna a 2014 cewa ko yaro ɗaya cikin goma bai kai matakin karatun da ake buƙata ba a ƙarshen firamare a Nijar. A 2019 an samu ci gaba zuwa kusan uku cikin goma, wato har yanzu mafi yawa na kammala aji shida ba su iya karanta shafi su fahimta ba. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne yaro na shiga aji ɗaya ya tarar da harshen da bai taɓa ji a gida ba.

Nijar ta daɗe da sanin haka. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, dokar ilimi ta 1998 kuma ta amince da harsunan gida a aji. Sai dai shekaru sun shuɗe tsarin bai game ƙasa ba, kuma ƙarancin littattafai na cikin abubuwan da suka riƙe shi.

A nan ne kokawa za ta iya amfani. Da wuya a samu labarin da yaron ƙasar Tasawa ko Mayayi ya riƙe a ka kamar nata. Yana ganin ta a dandali bayan kaka, yana jin ta a rediyo lokacin gasar takobi, inda jihohi takwas ke kawo 'yan kokawa goma-goma. Kakansa na ba shi labarin Yakuba Kantu na Maraɗi, wanda ya ɗauki takobin farko a Tawa a 1975, yayansa kuma na ba shi na Issaka Issaka na Doso, wanda ya ɗauki takobinsa na shida a Agadas a ƙarshen 2023.

Yaron da ya riga ya san labari ba ya fama da abu biyu a lokaci guda, haruffa kawai suka rage masa. Malami na iya sa ɗalibai su faɗi yadda wani karo ya kaya, ya rubuta maganarsu a allo, su karanta tare. Daga kalmomi irin su kaye, ƙarfi, ɗamara da ganga za a bambance k da ƙ, d da ɗ. Jera abin da ya faru daga shiga fili zuwa faɗuwa na koyar da tsara labari, kirarin makaɗa kuma na koyar da kwatance. Idan sun ƙware, sai a kawo wannan labarin da Faransanci, su haye daga abin da suka sani.

Akwai inda za a yi hattara. Kokawa filin maza ce, don haka idan aka tsaya a kanta kaɗai za a bar 'yan mata a baya, alhali su suka fi barin makaranta da wuri. Dole a haɗa da gaɗa da sauran wasanninsu. Wasu iyaye kuma na ƙyamar layu da surkullen fagen kokawa, don haka gara a fi ba da ƙarfi ga horo da haƙuri da karɓar kaye. Labarin Abdoul Razak Alfaga, wanda ya samo wa Nijar lambar azurfa ta taikwando a Rio a 2016, zai faɗaɗa fagen.

Kuma wannan aiki bai sai an jira ma'aikatar ilimi ba. Matasan da ke cika Facebook da sharhin gasar takobi na iya rubuta gajerun labarai masu shafi biyu, 'yan ci-rani da ke Kano ko Legas ko Turai su ɗauki nauyin bugawa, malamai su duba ƙa'idar rubutu. Mai aika saƙon murya gida saboda ƙaninsa bai iya karanta rubutu ba ya fi kowa sanin amfanin hakan.