Maganin Nano da Tabon Kankana

Kankana tana saurin kawo kuɗi, tana kuma saurin jawo asara. Manomin Batsari ko Safana da ya yi wata uku yana wahala, ba abin da yake tsoro kamar ya ga ɓawon ya yi tabo mai duhu kamar an ɗiga masa mai, ya tsage, cikin ya ruɓe. Cikin masu haddasa irin wannan ɓarna akwai bakteriya mai suna Acidovorax citrulli, wadda ta auka wa gonakin Amurka a 1989. A jikin iri take ɓuya, zafi da danshi su tashe ta, tsartuwar ruwan sama ta yaɗa ta. Tunda iri yana ƙetare iyakoki a cikin gwangwani, babu gonar da ta yi mata nisa.

An daɗe ana fesa magungunan tagulla, amma tun shekarun 1980 aka ga wasu bakteriya na tumatir a Fulorida sun daina jin su. Wannan ne ya karkato hankalin masana ga kimiyyar nano, wato sarrafa azurfa ko tagulla ko zinki zuwa ƙwayoyin da ba su wuce nanomita 100 ba. Kaurin silin gashi ɗaya ya kai nanomita wajen 80,000. Dalilin ƙarfinsu ba boyayye ba ne ga mai dakan yaji: barkonon da aka daka ya fi ɗanyen guda ratsa miya. Haka ƙwayar nano take manne wa bakteriya, ta huda fatarta, da ɗan abin da bai kai na feshin da aka saba ba.

Sai dai abin da ya kashe bakteriya a kwanon gwaji ba ya tambayar wace ce mai cuta, wace ce mai gyara ƙasa. Kafin kwalbar nano ta shiga kasuwar ƙauye, ya wajaba Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma su gwada ta a ƙasarmu da zafinmu, NAFDAC kuma ta tantance abin da ke saura a jikin 'ya'yan.

Kafin nan, akwai kariya mai araha. Kada a ɗebi iri daga kankana mai tabo. Bincike ya nuna barin iri ya kwana ɗaya ko biyu cikin ruwan 'ya'yansa kafin a wanke a shanya yana rage ƙwayar cutar, abin da ya yi kama da yadda masu noman guna suke barin ta ta ruɓe kafin su fitar da ƙwayarta.