Jiniya Ba Ta Wanke Jini

Akwai maganar da na gaji da ji a bakin mutanenmu, a nan Malesiya da can gida: wai in motar 'yan sanda ta buge ka sai haƙuri, ba a ƙarar hukuma. Wa ya ce? A wace doka aka rubuta haka?

Duk wanda ya san Brickfields ya san yadda titin Tun Sambanthan yake da yamma, daga KL Sentral har cikin shagunan Indiyawa. Babura na kutsawa, mutane na tsallakawa, ga makafi da sandunansu, don hedikwatar ƙungiyar makafi ta ƙasar a unguwar take. A irin wannan titi jiniya roƙon hanya ce kawai. Ba ta ɗauke wa direba nauyin duba gabansa, kuma ƙashin cinya bai san bambancin motar sintiri da tasi ba.

Dokar ƙasar nan ta 1956 kan shari'a da gwamnati ta ce in jami'i ya yi sakaci a bakin aiki har ya raunata wani, gwamnati ce za ta ɗauki nauyi, kamar kowane ubangida da yaronsa. Baƙo ma yana da wannan haƙƙin. Sai dai akwai tarko. Motocin gwamnati ba a wajabta musu inshorar da aka wajabta mana ba, saboda haka ba kamfanin da za ka bi, gwamnatin kanta za ka kai kotu. Kuma dole ka sa sunan jami'in da ke tuƙi a cikin ƙarar. Rahoton hatsari kuwa cikin awa 24 ake kai shi, kuma wa za ka kai wa? 'Yan sandan. Wannan ne ya fi ƙona min rai: kura ce ta ci akuya, kura ce kuma mai bincike. Don haka wanda ya raka majinyaci kada ya tsaya salati kawai. Ya ɗauki lambar mota da hoton wurin da lambar wayar shaidu, ya kuma tabbata an rubuta a fayil ɗin asibiti cewa motar 'yan sanda ce. Baƙo yana biyan kuɗin asibitin gwamnati ninkin-ba-ninkin na ɗan ƙasa, ko rasit ɗaya kada a yar.

Duk da haka, a nan kana da wata 36 ka shigar da ƙara. A Najeriya fa? Wata 3. Dokar kare jami'an gwamnati da Turawan mulkin mallaka suka bar mana tun 1916 haka ta yanka. Su Ingila da muka kwaso ta a wurinsu sun soke tasu tun 1954, mu muna nan muna gadinta kamar kayan ɗakin kaka.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, bari in gaya muku mene ne wata 3. Wanda ƙashin cinyarsa ya karye aka sa masa ƙarfe, a wata 3 yana kan sanda, wani ma bai fara taka ƙafar sosai ba. Wanda ya bugu a ka, wani lokaci sai bayan watanni iyalinsa ke lura ya koma mai mantuwa da saurin fushi, aiki ya gagare shi. A watannin nan iyali na neman kuɗin jini da hoton ƙashi, ana sayar da fili, wa ke tunanin lauya? Ranar da ya miƙe ya ce zai bi haƙƙinsa, sai a ce masa lokaci ya wuce. Kotuna ma sun sha cewa ci gaban ciwo ba ya tsawaita wa'adin. In kuma ya yi sa'a ya ci shari'ar, sashe na 84 na dokar aiwatar da hukunci ya ce sai Antoni Janar ya yarda kafin a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati. Wato sai wanda ake bi bashi ya ba da izini.

A ranar 12 ga Nuwamba 2013 wata mota cikin ayarin gwamnan Kogi ta yi karo da motar da Farfesa Festus Iyayi ke ciki kusa da Lokoja, yana hanyarsa ta zuwa taron ASUU a Kano, ya rasu. An yi ta magana don tsohon shugaban ƙungiyar ne. To mai Keke Napep da motar rakiya ta ture a titin Zariya, wa zai yi masa magana?

Masu ce min "ƙaddara ce" kuma, na yarda, ƙaddara ce. Amma malamanmu da suka karantar da mu ƙaddara su ne suka karantar da mu diyyar kuskure, har suka ce dangin mai laifi ne ke haɗa ta. Ɗan sanda a bakin aiki, danginsa hukumar da ta ba shi kaki da makullin mota. Wanda ya ga dama ya yafe, ladansa na wurin Allah. Amma a fara ajiye masa haƙƙinsa a gabansa tukuna, sannan a tambaye shi ko ya yafe, ba a aiko masa da lemo kwali ɗaya da "DPO na gaishe ka" yana kwance a gadon asibiti ba.