Giwan ruwan Shari ya fi ƙarfin lemon kwalba

A gidajen cin abinci na Njamena, inda kogin Logon ya haɗu da Shari, akan kawo wa mutum giwan ruwa gasasshe, fatarsa ta yi ƙamas, maiƙo na naso a faranti, ga albasa ga yaji a gefe. Sai a dire masa lemon kwalba mai zaƙi kamar zuma. Kurɓi biyu, ɗanɗanon kifin ya ɓace. A manyan otal kuwa, farar giyar inabi ce ake miƙo wa baƙo, wadda aka yo dakonta daga Faransa ta tashar jirgin ruwan Duwala. Abin shan ƙasar, wato karkanji, wanda mu muke kira zoɓo, da ruwan tsamiya da nono, an bar su bakin titi cikin tsofaffin gorunan roba. A ganina wannan asara ce, kuma masu gonakin inabi na Turai ne suka fi kowa nuna dalili.

A Chablis ko Sancerre, ko yankin Nantes inda ake yin Muscadet, mai ɗanɗano yakan juya kofi, ya shinshina, ya kurɓa, ya tofar, sannan ya ce wannan da kifi za ta tafi, waccan da cukun akuya. Ba su bar abin a fatar baki ba. A 1935 Faransa ta kafa dokar da ta ɗaure sunan giya da ƙasar da inabinta ya fito, kuma a 2010 UNESCO ta sa tsarin cin abincin Faransawa cikin al'adun duniya, har da iya haɗa abin sha da abin ci. To mene ne sirrin farar giyar a kan kifi? Galibi tsami ne. Tsami yana yanke maiƙo, ya kashe ƙarni, ya wanke harshe don loma ta gaba ta zo da daɗinta. Sinadarin tsamin da ya fi yawa a inabi, wanda masana ke kira tartarik, shi ne dai ya cika tsamiya. Itacen tsamiya, da Larabcin Chadi ke kira ardeb, har wata tsohuwar unguwar Njamena ta ci sunansa, Ardep-Djoumal, tsamiyar raƙuma, yana ɗauke da abin da ake biyan kuɗin jirgi a kawo.

Iyayenmu mata sun daɗe da sanin haka ba tare da sunan sinadari ba. Shi ya sa ake zuba ruwan tsamiya a tuwo da kunu, ake jefa yakuwa a miyar kifi. Ruwan tsamiya mai sanyi, marar sukari da yawa, shi ne abokin giwan ruwa da karfasa. Kifin banda da busasshen kifin da ake kira salanga, da ƙamshinsu ya fi ƙarfi, suna son abin da zai iya da su, kuma jan karkanji da ɗan citta yana iyawa; haka yake yi wa gasasshen naman raƙumi. Nono yana kwantar da zafin barkono domin akwai abin da ke kama sinadarin yajin a cikin madara, abin da ruwa ba ya yi. Shayi mai kauri bayan nama mai kitse ma ba al'ada ce kawai ba, ɗan baurinsa ne ke goge baki. Inda muke ɓata rawarmu da tsalle shi ne sukari. Ana antaya shi a karkanji har tsamin ya mutu, ya koma lemon kwalba mai launin ja.

Wani zai ce me ya haɗa Musulmi da darasin mashaya. Giya haramun ce, babu ja a nan, kuma ba a ce kowa ya kusance ta ba. Abin da za a ɗauka shi ne kula: a san daga wace gona abu ya fito, a san da wane abinci ya dace, a ba shi suna da daraja. Hasali ma rashin wannan kula ne ya sa baƙon da ya sauka Njamena yake zaton teburin girma sai da kwalbar Faransa, alhali yawancin mutanen birnin ba sa sha.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na tsabta. Mai otal zai ce ba zai ba baƙonsa abin da bai san ruwan da aka haɗa shi da shi ba, a garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, abin sha na lalacewa kafin la'asar. Yana da gaskiya, amma matsalar ta tukunya ce da firji. Zoɓo dama tafasa shi ake yi, kuma ɗakin girkin da ya iya adana ɗanyen kifi ba zai kasa adana tulun tsamiya ba. Masu cewa wannan zancen ƙosassu ne a ƙasar da ake fama da tsadar hatsi, su duba inda kuɗin ke zuwa. Na giyar waje yana ƙetare teku, na karkanji yana shiga hannun manomi da matan kasuwar Dembe.

Saboda haka masu gidajen abinci na Njamena, da takwarorinsu na Kano da Maraɗi, ku rubuta tsamiya da zoɓo da nono a takardar abincinku, kowanne kusa da abincin da ya dace da shi. Ku kawo su a kofin gilashi, da sanyinsu, ku ajiye sukari a gefe mai so ya ƙara da hannunsa.